Tsofaffin Sojan Bama da Ajin Yamma

Da aka ƙare Yaƙin Hitila a 1945, sojanmu na Bama suka komo gida, waɗansu Bebeji da Kiru, waɗansu Tudun Wada. Suka tarar lambar yaƙi ba ta sa En'e ta ɗauki mutum malanta, sai ya iya boko. Wanda bai iya ba, ko fartanya, ko haƙar kuza a Riruwai.

Da aka kafa Yaƙi da Jahilci, sai ga magidanci, tsohon kofur, bisa tabarma bayan la'asar yana haɗa baƙi da wasali. Da rani aji ya cika. Amma ruwan shuka na sauka sai a watse, don iyali ba su cin takarda. 'Yan littattafan NORLA, wadda aka kafa a Zariya a 1954, su ke riƙe masa karatun har kaka.