Ƙugiyar da Ciyawar Potomac Ta Ƙera

Kifin da ke jawo kuɗi sosai a kogin Potomac, wato bas, baƙo ne a cikinsa. A tafiyar da Kyaftin John Smith ya yi cikin wannan yanki a 1608, ya tarar da kifi ya yi yawan da har mutanensa suka gwada kwasarsa da kaskon suya, amma babu bas a ciki. Sai a 1854 wani mutum mai suna William Shriver ya ɗebo bas masu ƙaramin baki daga wajen Wheeling, a yankin kogin Ohio, ya zuba su a bokiti mai huji-huji, ya tsoma bokitin cikin tankin ruwan jirgin ƙasa, ya kawo su Cumberland ta jihar Maryland ya sake su. Daga nan suka bazu. Ɗan'uwansu mai faɗin baki ya biyo baya kafin ƙarnin ya ƙare, shi kuma ya fi son ƙasan kogin, daga Washington zuwa kudu, inda ruwa ke cika yana janyewa sau biyu a rana saboda teku.

Ni a Yawuri na tashi, inda Sarkawa ke shimfiɗa mamari, ɗaruruwan ƙugiyoyi tsirara a jikin igiya guda, duk kifin da ya gifta ya ga ta kansa. Yanzu a Alexandria, a bakin Potomac, nake zaune, kuma abin da na lura da shi a akwatunan 'yan fatsar nan shi ne kusan kowace ƙugiya an ƙera ta ne don ta ɓoye tsininta. Dalilin haka yana cikin abin da ya sami kogin.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 20, ƙazantar birni ta kusa kashe Potomac. Ruwan ya turɓune, rana ba ta kaiwa ƙasa, ciyawar cikin ruwa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya kira kogin abin kunya ga ƙasa. Dokar tsaftace ruwa ta 1972 ta zo, aka zuba kuɗi a matatar ruwan datti ta Blue Plains da ke kudancin Washington, ruwa ya fara washewa. Sai a 1982 aka ga wata baƙuwar ciyawa 'yar Asiya, haidirila, ta ɓulla wajen fadamar Dyke Marsh. Hankalin hukuma ya tashi, aka ce za ta toshe hanyar jiragen ruwa, har aka sa injuna suna yanke ta. Ashe alheri ta zo da shi. Ta riƙe laka, ta ƙara tace ruwan, ta zama maɓoyar 'ya'yan kifi, bas ya dawo ya yi ƙiba a cikinta. Kafin shekarun 1980 su ƙare, masu gasar kamun bas sun gano Potomac, kuma har yau daga gandun Smallwood da ke bakin rafin Mattawoman ake tashin yawancin manyan gasannin.

To, kifi yana cikin ciyawa, ƙugiya tsirara kuwa ba ta yin taku biyu a ciki sai ta ɗauko dami. Maganin ya riga ya samu a wani wuri. A 1949 Nick Creme, a garin Akron na jihar Ohio, ya narka roba a gidansa ya zuba tana mai laushi irin ta gaske. Masuntan Texas suka ƙirƙiro yadda ake soka ta: ƙugiya ta shiga ta kai, ta fito, a juya ta, a mai da tsinin cikin jikin robar, yadda za ta ratsa itace da ciyawa ba ta maƙale ba. Kifin roba mai wutsiya kamar faranti, wanda ke kaɗawa in ana jan sa, ya yi suna ne a madatsun ruwan kudancin Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1980, inda ake yin manya-manya don kwaikwayon kifin da hukuma ke zubawa a ruwan. Da ya iso gabas sai ya ƙanƙance, domin abincin bas na Potomac ƙananan kifaye ne. Inci 3 zuwa 5 shi ne abin da za ka fi gani a Mattawoman.

Lambar ƙugiya tana rikita baƙo. Daga lamba 1 zuwa sama, ƙugiya ƙanƙancewa take yi, mai lamba 8 ta fi mai lamba 4 ƙanƙanta. Amma da zarar an ƙara sifili, sai lissafi ya juye: 5/0 ta fi 3/0 girma. Kuma kamfanoni ba su yi ittifaƙi ba, 4/0 ta Gamakatsu ba lallai ta yi daidai da 4/0 ta Mustad ba. Shi ya sa ban cika kallon lambar ba. Ina ɗora ƙugiyar a jikin robar in duba abu biyu. Na farko, faɗin bakinta ya kai kamar ninki biyu na kaurin robar, don idan bas ya danne, robar ta sami inda za ta faɗa, tsini ya fito. Na biyu, tsinin ya fito wajen tsakiyar baya, kada ya wuce can, domin doguwar ƙugiya tana sandarar da jiki, wutsiya ta daina rawa, kifin roban da ba ya rawa kuwa guntun roba ne kawai. A aikace, mai inci 3 ko 4 yakan tafi da 3/0 ko 4/0, mai inci 5 kuma 5/0 ko 6/0.

A idon ƙugiyar akwai 'yar murɗaɗɗiyar waya da ake murza hancin robar a ciki, a jikin ƙugiyar kuma an ɗaure dalma, sau da yawa kashi ɗaya cikin takwas na oza ko rubu'i, don robar ta yi iyo a miƙe ba ta kifa ba. Idan ruwa ya janye ciyawa ta taso kusa da sama, sai a rage nauyi. Idan ya cika, a ƙara. A wurin da ba ciyawa, kamar gindin gada, masu hankali sukan koma ƙugiya mai kan dalma da tsini a buɗe, don ta fi kamawa. Ina ganin mutane da yawa suna ɓoye tsini ko inda babu abin ɓoye masa, sabo ne kawai.

Abin da har yanzu zuciyata ba ta gama karɓa ba shi ne makomar kifin. Ray Scott, wanda ya kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968, ya shigo da al'adar sakin kifi da ransa a gasanninsa tun 1972, yanzu ta zama kamar farilla. Mutum ya sayi kwalekwale mai inji da kuɗin gida, ya wuni a rana, ya auna kifi, ya ɗau hoto, ya mai da shi ruwa. Da na ba wani kawuna labari ta waya, shiru ya yi, sannan ya tambaye ni ko mutanen lafiyarsu ƙalau.

Wani baƙon ne ya raba gardamar. A 2002 aka gano wani kifi ɗan Asiya mai kai kamar na maciji a wani kududdufi a Crofton ta Maryland, a 2004 kuma ya bayyana a Potomac. Ɗan'uwan tufi ne na gida, sai dai ya fi girma. Yana kwana a ciyawa ɗaya da bas, yana cafkar kifin roba ɗaya, amma bakinsa ƙashi ne da haƙora, siririyar ƙugiya yakan miƙar da ita. Saboda shi masu shagunan fatsa suka ƙara ajiye masu kaurin waya, kuma ba mai shiga ciyawa yanzu ba tare da filaya ba. Doka a Maryland da Virginia ta hana riƙe shi da rai, hukuma kuma tana ƙarfafa mutane su ci. Namansa fari ne, mai tauri, ba ya dagargajewa a tukunya, ga shi yana karɓar citta da attaruhu. Bas ina mai da shi ruwa kamar kowa, wannan kuwa farfesu ake yi da shi a gidana.