Daga "Ku Bar Indiya" Zuwa "Sawaba"

Ran 8 ga Agusta, 1942, a birnin Bombai, Mahatma Gandhi da jam'iyyarsa suka fuskanci Turawan mulki da take guda: "Ku bar Indiya!" Washegari aka kama shi. A 1947 Ingila ta tattara nata ya nata, taken kuwa ya gama aikinsa.

Shekara takwas cif bayan wancan taro, ran 8 ga Agusta, 1950, aka kafa NEPU a Kano, takenta kalma ɗaya tak: "Sawaba!" Malam Aminu Kano, wanda ya zama shugabanta a 1953, ya bi sahun Gandhi wajen gwagwarmaya ba da makami ba. Sai dai abin da talaka ke nufi da sawaba ya wuce tafiyar Bature. Ya haɗa da kuɓuta daga zaluncin En'e, da aikin tilas, da haraji da jangali. A kan haka aka yi ta ɗaure Hajiya Gambo Sawaba.

Shi ya sa Bature ya tafi a 1960, amma taken bai kwanta ba. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.