Jami'ar Al-Ansar ta Maiduguri: Mafarinta da Abin da Take Ci wa Iyaye

A watan Afrilun 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kafa sababbin jami'o'i masu zaman kansu guda 12. Cikinsu har da Al-Ansar ta Maiduguri, wadda ita ce ta farko irinta a Jihar Borno. Labarin ya zo ne a kan gaɓa, domin tun 14 ga Fabrairu malaman jami'o'in gwamnati suke yajin aiki, kuma ba su koma aji ba sai tsakiyar Oktoba. Wata takwas cur 'ya'yanmu suna zaman kashe wando, wasu suna taya iyayensu jiran rumfa a Kasuwar Litinin.

Mutumin da ya tsaya kai da fata a kan wannan aiki shi ne Dokta Muhammad Kyari Dikwa, ɗan Borno da ya yi aikin gwamnati har ya kai babban sakatare a Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya. Da ya so, da ya zuba abin da Allah ya hore masa a gidajen haya na Abuja kamar yadda da yawa suke yi, babu mai ce masa don me. Sai ya juyo gida. Gidauniyar Al-Ansar da yake jagoranta tana da masallaci da makarantun yara da gidan rediyo, jami'ar kuwa ita ce ta cike gurbin da ya rage, yaro ya fara daga alif har ya kai digiri a inuwa guda. Kuma a tuna wane yanki ne wannan. Nan ne aka wayi gari ana kashe ɗalibi ko a sace shi don ya riƙe littafi, wai da sunan addini: Buni Yadi a Fabrairun 2014, Chibok a Afrilun shekarar, sannan bam a masallacin Jami'ar Maiduguri a Janairun 2017. Musulmi ya tashi ya gina jami'a a irin wannan wuri, a yi salla a koma lacca, wannan amsa ce da ta fi wa'azin baki ƙarfi.

Borno ta makara, gaskiya ne. Katsina da Ilori sun samu nasu jami'o'in Musulunci tun 2005, wato wadda ake kira Al-Qalam yanzu da kuma Al-Hikmah. Amma wanda yaƙi ya riƙe wa ƙafa ba a tuhumarsa da nawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta ɓoyuwa. Jami'a mai zaman kanta ba ta samun tallafin TETFund, ɗalibanta kuma ba sa cikin bashin karatu na NELFUND. Albashin malamai, man janareto, kayan ɗakin gwaji, duk daga aljihun iyaye da na mai makaranta suke fita. Ga shi iyayen nan sun sha wuya a jere. Gobara ta cinye Kasuwar Litinin ranar 26 ga Fabrairun 2023, ba a gama farfaɗowa ba madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga rumfuna. Mai sayar da atamfa zai zauna bayan la'asar ya buga lissafi a bayan kwali: kuɗin zangon karatu ɗaya a gefe, jarin da zai saro kaya daga Kantin Kwari a ɗaya gefen. Sau da yawa uwa ce ke kwashe adashinta ta cika.

Abin da suke saye shi ne digirin shekara huɗu da za a gama a shekara huɗu, da kuma natsuwar cewa 'yarsu tana karatu cikin garinsu, a wurin da ake kula da tarbiyya. Akwai gidajen da in ba irin wannan makaranta ba, ba za su bar mace ta wuce sakandare ba.

Marayun da rikici ya bari kuwa ba su da mai buga musu lissafi. A ganina ƙungiyoyin 'yan kasuwar Maiduguri da attajiranta su kafa wakafi na musamman a Al-Ansar, kowane layi na kasuwa ya ɗauki nauyin ɗalibi ko biyu duk shekara.