Zauren Falke da Makarantar Gwamnati



A yau idan aka ce ɗan kasuwa ya taimaki makaranta, sai hankalinmu ya tafi kan hamshaƙin attajiri wanda ya gina aji aka rubuta sunansa a bango. Ni kuwa mai ƙaramin jari nake nufi, wato ɗan koli da tela da mai shagon bakin kasuwa a ƙauye irin Ruwan Godiya ta ƙasar Faskari. Da'awata ita ce, a tarihin ƙasar Hausa wannan mutum shi ne ginshiƙin makaranta, kuma wuri da lokaci ya fi bayarwa a kan kuɗi.

Mu duba 'Yandoto, wadda ke ƙasar Tsafe, ba nisa da Faskari. Kafin rundunar Muhammadu Bello ta ci garin wajen 1806, ya shahara da malamai, sa'an nan yana bisa hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Haɗuwar nan ba dace ba ce. Falke na bukatar wanda zai rubuta masa wasiƙa, ya raba gado, ya sasanta rigimar bashi; malami kuwa na bukatar masauki da tuwo. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne, da safe yana kasuwa, da almuru yana biya wa yara allo.

Yadda abin ke gudana kowa a nan ya sani, sai dai ba mu ɗauke shi tarihi ba. Maigida ya ba malam zaurensa. Uwargida ta ware wa almajiri ɗaya kwanonsa kullum. Iyaye su aika da kuɗin Laraba, bayan girbi a kai zakkar dawa. Mai ɗinkin hula ya zaunar da gardi kusa da shi har ya iya sana'ar da zai ci da kansa. Babu kwamiti, babu rasit, amma makarantar ta unguwa ce, kuma kunyar rushewarta a kan unguwa take.

Makarantar boko ta wata ƙofa ta shigo. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta gwamnati ce, elementare kuwa ta En'e, da kuɗin haraji. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare ga kowa a 1976, azuzuwa suka yawaita har ƙauyuka, amma talaka ya ci gaba da kallonsu a matsayin kayan gwamnati. Rufi ya yaye, kafinta na wucewa ta gindinsa, ba ya jin nasa ne. Ban ga laifinsa sosai ba, don ba a taɓa neman shawararsa ba.

Shaidar cewa halin bai mutu ba tana ga makarantun Islamiyya, tun waɗanda Malam Aminu Kano da mutanensa suka soma a shekarun 1950, har waɗanda suka bazu bayan kafa Izala a Jos a 1978. Da yawa daga cikinsu da karo-karon 'yan kasuwa aka gina su.

A Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara, aka rufe makarantun jihar Katsina na wani lokaci. Uba a Sabuwa ko Faskari da zai mai da ɗansa aji bayan wannan, ba takardar ma'aikatar ilmi zai fara dubawa ba. Zai duba ko telan unguwarsu ya mai da nasa, ko kuma akwai wanda ya sani a cikin masu shiga da fita makarantar.