Wuƙar Da Muka Tsinta A Adakar Malam

'Yan uwana mata, bayan rasuwar kakanmu Malam, Allah Ya jiƙansa, da aka zo fito da kayansa don rabon gado, sai ga wata 'yar wuƙa mai naɗewa a ƙasan adakarsa, ƙunshe cikin tsumma tare da tsohon carbi. Mariƙinta farin ƙarfe ne falle ɗaya da aka lanƙwasa, a jikinsa kuma an zana irin abin wuyan nan na Buzayen Agadas.

Nan fa gida ya ɗauki zafi. Kawu ya ce wani dillalin kayan tarihi ya taya, a sallama masa kawai. Goggo ta rantse azurfa ce, cutar magada za a yi. Ni kuwa da shegen son bin diddigi na ce a ba ni mako guda.

Ashe 'yar Faransa ce. A shekarar 1929 wani mai masana'anta, Gaspard Cognet, a garin Thiers da ya shahara da ƙirar wuƙaƙe, ya fito da wata wuƙa mai araha ya sa mata suna Douk-Douk. Don mutanen tsibiran Melanesiya ya yi ta, can cikin tekun Pasifik, shi ya sa ya zana dodonsu a mariƙin. A can ba ta yi kasuwa ba. Da aka juyo da ita Afirka, ƙasashen da Faransa ke mulka, sai ta samu karɓuwa. To amma kin san Musulmi da hoton dodo. Sai kamfanin ya fito da wata mai suna El Baraka, aka cire dodon aka sa zanen Agadas. Ita ce tamu. Ƙarafa shida ne kacal a jikinta, ba katako ba ƙaho, ga kaifi kamar aska. Har a yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, an yi ta'asa da irinta, sai da hukumar Faransa ta sa mata ido.

Malam ya yi fataucin goro zuwa Damagaram tun Nijar na hannun Faransa, kafin 1960, don haka ban yi mamakin ganinta a wurinsa ba.

Sai batun kuɗi, inda gizo ke saƙa. Ba azurfa ba ce, ruwan nikel aka shafa wa ƙarfen. Kuma kamfanin bai daina ƙera ta ba, an yi su bila adadin, sabuwarta ma ba wata tsada. Abin da masu tara irin waɗannan kaya ke dubawa shi ne tsufa, da tambarin maƙera a jikin ruwan wuƙar, da ko ba a taɓa ta ba tun asali.

A nan ne na yi ɓarna, wallahi har yau ina jin kunya. Tun ranar farko, da na ga ta yi baƙi-baƙi, na sa toka da soson ƙarfe na dirje ta tas kamar tukunya, wai ni mai tsabta. Rabin rubutun ya goge. Da dillalin ya dawo ya juya ta a hannu, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya wanke ta?" Take ya rage tayinsa.

Kawu ya fi wata ba ya amsa gaisuwata sosai. Daga baya Inna, matar Malam, ta ce a yi mata kuɗi a sa a cikin tumuninta na takaba. Haka aka yi. Yanzu tana cikin jakar carbinta, da ita take yanka goro tunda haƙora sun yi rauni.