Motar gida ko ta jirgin ruwa? Darasin da tarihi ya bar wa mai saye

A shirinmu na makon jiya wani bawan Allah mai fataucin shanu ya bugo waya daga kasuwar Tulaku da ke Ashaiman. Ya ce ya shekara huɗu yana tara kuɗin a-kori-kura, yanzu kuɗi sun kusa cika, amma kansa ya ɗaure. 'Ya'yansa na cewa ya sayi sabuwa wadda aka haɗa a Tema, tunda gwamnati ta sauƙaƙa wa kamfanonin haraji. Abokansa kuwa na cewa kada ya kuskura, ya nemi hom-yus da ta sauka daga jirgin ruwa, irin wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira 'yar Kwatano. Lokaci bai ishe mu ba a ranar, shi ya sa na ce bari mu dawo da maganar a rubuce. Tambayar tasa ba sabuwa ba ce. Iyayenmu sun sha ta, kuma abin da ya same su yana da amfani gare mu.

Mu fara daga gida. Nima ɗin nan da muke zaune, shanu ne suka kafa ta. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa ya samu fili a nan, inda ake tsayar da dabbobin da aka koro daga arewa su huta kafin a kai su kasuwa. A ƙafa ake koro su, tafiyar makonni. Da hanyoyi suka buɗe sai lori ta karɓi aikin ƙafa da na jaki. Lorin wancan zamani, irin su Bedford, inji da ƙashinta kawai ake kawowa daga Ingila. Kafintocinmu ne ke ɗora mata bodin katako, su jera benci, mai fenti ya rubuta mata kirari a goshi. Kun ga tun asali motar fatake rabi baƙuwa ce, rabi 'yar gida. Kakana yakan ce ba a taɓa barin irin wannan lori a daji ba, don kowane gari akwai mai iya taɓa ta. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Bayan samun 'yanci a 1957, gwamnatocin Gana suka ɗauki aniyar a daina sayen komai daga waje. Aka kafa wuraren haɗa motoci, ana kawo sassa a akwatuna ana ɗaurawa a nan. Abin ya ƙara ƙarfi zamanin Janar Acheampong, wanda ya hau mulki a 1972 da kiran a dogara da kai. A 1974 aka kafa kamfanin Neoplan a Kumasi, haɗin gwiwar gwamnati da Jamusawa, yana ƙera manyan bas. A shekarun nan ne kuma aka fito da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya mai suna Boafo, wato mataimaki da harshen Asante. Tsofaffin Mamobi da yawa sun gan ta da idonsu. Ni dai ban taɓa ganin ko ɗaya a kan titi ba, kuma wannan kansa labari ne.

Me ya faru? Sassan da ake haɗawa da kuɗin waje ake sayo su. Da tattalin arzikin Gana ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, dala ta yi wuya, akwatunan suka daina zuwa. A 1983 gwamnatin Rawlings ta shiga shirin farfaɗo da tattalin arziki tare da asusun lamuni na duniya, aka karya darajar sidi, aka buɗe ƙofar shigo da kaya. Sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar Tema a farashin da motar gida ba za ta iya ja da shi ba. Wanda ya sayi motar da aka daina haɗawa ya wayi gari da marainiya a ƙofar gida: ƙaramin abu ya lalace, babu inda za a samo.

A Najeriya an yi irin wannan, kuma ya fi girma. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Aka kafa na Steyr a Bauchi, na manyan motocin Fiat a Kano, na Mercedes a Inugu, na Leyland a Ibadan. Gwamnati ce ta zuba jari, ta tsare kasuwa da haraji, ta kuma zama babbar mai saye, don Fijo ita ce motar ofis. Fijo 504 ta zama motar kowa. Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kano, Katsina, Jibiya da Maraɗi ya san yadda ake loda mata mutane da buhuna ta tashi kamar ba komai. Sai 1986 ta zo, gwamnatin Babangida ta kawo nata shirin gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma Kwatano.

To amma a nan akwai abin lura. Masana'antun sun yi sanyi, Fijo 504 kuwa ta ƙi mutuwa. Ta ƙara shekaru masu yawa tana aiki a hanyoyin iyaka. Dalili shi ne ta yi yawa a ƙasa har kayan gyaranta suka cika kasuwa, yara suka koyi aikinta, ko a ƙauye za ka samu mai kwance mata inji a gindin bishiya. Boafo da Fijo duk gwamnati ce ta tsaya musu. Ɗaya ta ɓace da aka sake ta, ɗaya ta rayu. Abin da ya raba su shi ne kayan gyara da makanikai.

Ba a Afirka kaɗai ake tallafa wa masu ƙera mota ba. A 2008 da 2009 gwamnatin Amurka ta zuba kusan dala biliyan 80 don ceto General Motors da Chrysler. Sai dai can ana ceto masana'antar da ke yin inji da sassa a gida ne, da ɗimbin ƙananan kamfanonin da ke ci a ƙarƙashinta. Mu a nan yawanci wurin ɗaurawa muke tallafa wa, sassan na zuwa daga waje.

Yanzu mu zo zagaye na biyu, wanda muke ciki. A 2013 Najeriya ta fito da sabon tsarin motoci, ta kai kuɗin fiton ƙananan motocin waje kashi 70 cikin 100. Daga 1 ga Janairun 2017 kuma ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Masu harkar Kwatano da Maraɗi ba sa bukatar in gaya musu yadda abin ya kasance. Gana ta biyo baya da nata tsarin a 2019, zamanin Shugaba Akufo-Addo. Aka ba kamfanoni hutun haraji na shekaru, har zuwa goma ga mai haɗa mota tun daga ƙananan sassa, aka kuma sauƙaƙa musu fiton kayan da suke shigowa da su. Volkswagen ya buɗe a Ankara a watan Agustan 2020. Toyota ya fara haɗa Hilux a Tema a watan Yunin 2021, Nissan ya biyo da Navara a watan Maris na 2022, Kia kuma a Amasaman a 2023. Tun kafin zuwansu akwai Kantanka, kamfanin ɗan ƙasa Apostle Kwadwo Safo, da ke haɗa motocinsa a Gomoa Mpota.

Tallafin yana da ɗaya fuskar. A 2020 majalisa ta gyara dokar kwastan, ta hana shigo da motocin da suka yi haɗari aka yi watsi da su a can, da wasu rukunin motocin da suka wuce shekara goma. An shirya haramcin zai fara aiki a watan Nuwamba. Dillalan hom-yus da masu sayar da kayan gyara na Abossey Okai suka ce ba su yarda ba, abincin dubban gidaje ne. Ga zaɓe na tafe a watan Disamba. Kafin ranar ta zo gwamnati ta dakatar da haramcin. Kun ga ke nan doka aba ce da ke iya juyawa cikin 'yan watanni, ita kuwa mota shekara goma ko fi za ka yi da ita.

Sai 2022 ta tuna mana tsohon ciwo. Sidi ya zube, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamban shekarar. Motar da aka haɗa a Tema da wadda ta sauka daga jirgi duk suka tashi tare, don dukansu dala ce uwarsu. Rancen banki kuwa ruwansa ya yi nauyi, ga shi da yawa daga cikinmu ba ma son kusantar kuɗin ruwa saboda addini. Bafatake da kuɗi a hannu yake saye, shi ya sa sauƙin harajin da aka yi wa kamfani ba kullum yake isowa aljihunsa ba.

To Alhaji na Tulaku, ga abin da zan ce, kuma da sauran masu irin tambayarka nake. Kada ka fara da tambayar ina aka haɗa ta. Fara da hanyarka. In kana bin Kumasi, Tamale, Bolga har Paga, ko kana sauke albasar Galmi a Adjen Kotoku, ko kana ƙetarawa ta Aflawo, ka tambayi kanka: in wannan mota ta tsaya mini da dare bayan Walewale, wa zai taɓa ta? Ka je Abossey Okai, ko Magajin ɗin Suame in kana Kumasi, ka yi cinikin kayanta kafin ka yi cinikinta. Ka ji kuɗin birki, da kuloci, da famfon mai. In ka zaga shago biyar ba ka samu ba, amsa ta fito. Ka tambayi direbobin da ke shiga Burkina da Nijar ko ana samun kayanta a Wagadugu da Yamai.

Da wannan ma'auni, sabuwar a-kori-kura ta gida daga kamfanin da motocinsa suka riga suka cika hanyoyinmu tana da hujja mai ƙarfi. Kai ne na farko a kanta, akwai garanti, ga kayan gyara ko'ina. In kuɗinka sun kai ba tare da ka sayar da shanun da kake juyawa ba, saye ta ba wauta ba ne, kuma akwai yaranmu da ke cin abinci a wuraren haɗa su. Amma ka karanta takardar garantin, ko ka sa a karanta maka. Ka ji ko tana aiki in ka ƙetare iyaka, da kuma ko dole sai a garejinsu za a yi mata sabis. Wanda ke kwana uku a hanya ba zai iya dawowa Tema don canjin baƙin mai ba.

In kuwa kuɗin ba su kai ba, babu kunya a sayen hom-yus. Sai dai a buɗe ido. Wani kawuna ya taɓa sayen wata mai ƙyalli a hannun wani dillali, ashe ambaliya ce ta cinye ta a ƙasar da ta fito. Wata uku wayoyinta suka fara ruɓewa, abin da ya kashe a gyara ya kusa kuɗin wata motar. Ka tafi da makanikenka, ba na mai sayarwa ba. A ɗaga kafet, a leƙa ƙarƙashi, a duba lambar ƙashinta ta dace da takardun kwastan. Ka tuna kuma motar da ta wuce shekara goma akwai tarar tsufa a kanta a tashar ruwa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Ga shugabanni kuma, roƙonmu ɗaya ne. An gwada wannan hanya a shekarun 1970, mun ga inda ta tsaya. In ana so motar gida ta zauna, a sa kamfanonin da aka yafe wa haraji su riƙa yin batir, da gilashi, da sifirin a nan, su koya wa yaran Suame da na Zango aikin sababbin injinan nan masu kwamfuta, a kuma samar da hanyar biya kaɗan-kaɗan wadda ɗan kasuwa Musulmi zai shiga da kwanciyar hankali. Ranar da makaniken Bawku zai gyara motar Tema ba tare da ya bugo waya Ankara ba, ranar ce za mu kira ta tamu.

A shiri mai zuwa za mu kawo wani tsohon makanike daga Mamobi da wani direban tirela mai bin hanyar Paga, su gaya mana motocin da suka fi jure hanyar arewa. Masu tambaya su aiko da wuri. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sayi ta alheri.