Yadda Adadin Sakramenti Ya Tsaya a Bakwai

Kalmar sakramenti daga Latin ta samo asali, inda a dā take nufin rantsuwar da sojan Rum ke yi wa shugabansa. Kiristocin farko suka are ta, suka fassara kalmar Girka mai ma'anar asiri. Da yake ma'anarta tana da faɗi, malaman ikilisiya sun daɗe ba su daidaita kan adadin ba, har wasu kan ƙidaya fiye da goma.

Wajen shekarar 1150 Bitrus Lombard, malami a Faris, ya jera bakwai, watau baftisma, tabbatarwa, Jibin Ubangiji, tuba, shafa mai ga majiyyaci, naɗin firist, da aure. Majalisar Fulorens ta amince da wannan jeri a 1439.

A 1520 Martin Luther ya yi gardama cewa sakramenti na gaskiya sai alamar da Almasihu ya kafa da alkawari a Linjila, don haka ya tsaya kan baftisma da Jibin Ubangiji. Majalisar Tirent ta mayar masa da amsa a 1547: bakwai ne, ba ƙari, ba ragi. To, mai nazari ya lura, saɓanin ma'anar kalma ɗaya na cikin abubuwan da suka raba Katolika da Furotesta har yau.